Idan mai gabatar da ƙara ya zama mai ba da labari

Shekarun baya na raka wata maƙwabciyarmu kotu har sau bakwai ko takwas. Ɗanta aka kashe, a kan rigimar kuɗin gyaran babur da ba ta taka kara ta karya ba. Duk ranar zama tun da sassafe take shiryawa, ta yafa mayafinta mai ruwan toka, mu tari adaidaita sahu mu tafi. A bencin baya muke zama. Lauyoyi su miƙe su zauna, su yi ta zuba Turanci, su ambaci sashe kaza na doka kaza, alƙali ya sunkuyar da kai yana rubutu. Wani zaman ko minti goma ba ya kaiwa. Da mun fito sai ta kama hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, me suka ce?" In ce, "Inna, an ɗage sai wata mai zuwa." Sai ta yi shiru, can kuma ta ce, "Sun dai ambaci sunansa ko?"

Wannan tambaya ta biyu ce ta zauna mini a rai. Ita ce ta dawo mini lokacin da na karanta littafin wani lauyan Amurka mai suna Vincent Bugliosi, mutumin da ya bar aikin gabatar da ƙara ya ƙare rayuwarsa yana rubuta labaran manyan laifuka da tarihin waɗanda suka aikata su. Tun daga nan nake juya magana ɗaya a zuciyata: ya dace lauya ya kwaso abin da ya gani a kotu ya mai da shi littafin sayarwa? Amsata ita ce ya dace, har ma ina ganin muna da buƙatarsa. Sai dai rayuwar Bugliosi ta nuna mini cewa irin wannan littafi yana da haɗarin da mai karatu ba ya lura da shi, kuma gwanintar marubucin ita ce take ƙara haɗarin.

An haifi Bugliosi a 1934 a wani ƙaramin gari mai suna Hibbing a jihar Minnesota, iyayensa 'yan asalin Italiya ne. Ya gama karatun lauya a 1964, ya kama aiki a ofishin mai gabatar da ƙara na Los Angeles a jihar Kalifoniya, ya yi shekara takwas a can. Lissafin da aka fi ambata a kansa shi ne cewa cikin manyan shari'u 106 da ya tsaya wa gwamnati, guda ɗaya tak ya faɗi. Amma da ba don shari'a guda ba, da ƙila ba wanda zai san sunansa a wajen Kalifoniya.

A daren 8 ga Agusta 1969, wayewar 9, wasu matasa suka shiga wani gida a tsaunukan Los Angeles suka kashe mutum biyar. Cikinsu har da 'yar fim Sharon Tate, mai shekara 26, da cikin wata takwas da rabi. Kashegari da dare aka shiga wani gidan daban aka kashe mata da miji, Leno da Rosemary LaBianca. A gidajen biyu an yi rubutu da jinin mamatan. Gari ya ruɗe, masu kuɗi suka yi ta sayen bindigogi da karnukan gadi. Sai bayan watanni aka gano cewa makasan mabiyan wani tsohon ɗan kurkuku ne, Charles Manson, wanda ya tara samari da 'yan mata a wani tsohon wurin kiwon dawaki da ake ɗaukar finafinai a cikinsa, yana ba su ƙwaya yana cusa musu aƙidarsa. Bugliosi aka ba shari'ar. Ta ci wata tara da rabi. A can jama'ar gari mutum goma sha biyu ake zaɓa su saurari shaidu su faɗi ko akwai laifi ko babu, tsarin da mu ba mu da shi a kotunanmu na yau, kuma waɗannan sha biyun an killace su a otal har kwana 225 don kada su ji maganar waje. A 25 ga Janairu 1971 suka sami Manson da mata uku da laifi, a ƙarshen Maris aka yanke musu hukuncin kisa. A 1972 kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin kisa, nasu ya koma ɗaurin rai da rai.

A 1974 Bugliosi da wani marubuci, Curt Gentry, suka fitar da littafin Helter Skelter. An sayar da fiye da kwafi miliyan 7, kuma har yau ba a yi littafin labarin laifi na gaskiya da ya kai shi kasuwa ba.

Bari in fara da alherin littafin, don yana da yawa. Rubutaccen bayanin zaman kotun ya haura shafi 30,000. Ba wani talaka da zai zauna ya karanta wannan, ko da an ba shi kyauta. Bugliosi ya narkar da shi ya zama labarin da direban tasi zai bi daga farko har ƙarshe ya gane me aka yi da sunansa, da kuɗin harajinsa. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: akwai abubuwan da ya fallasa waɗanda ɗan jarida na waje zai sha wuya kafin ya gano. Ga misali ɗaya da ba na mantawa. Mako uku bayan kisan, wani yaro ɗan shekara goma ya tsinci bindiga a bayan gidansu. Yaron ya saba ganin finafinan 'yan sanda, sai ya ɗauke ta da kaffa-kaffa don kada ya ɓata zanen yatsu. Ɗan sandan da ya zo karɓa kuwa ya damƙe ta da hannu biyu. Aka kai ta ofis aka jefa a ma'ajiya. Ita ce bindigar da aka yi kisan da ita, kuma 'yan sanda suna can suna aika takardun cigiyarta jiha-jiha, alhali tana cikin akwatinsu, har sai da mahaifin yaron ya dame su da waya a watan Disamba. Tufafin da makasan suka jefar masu jini kuma ma'aikatan wani gidan talabijin ne suka gano su a gefen hanya. Masu binciken gida na farko da masu binciken gida na biyu sun daɗe ba su haɗa kai ba, duk da rubutun jinin da ke gaban kowannensu.

Mutumin da ya rubuta wannan, abokin aikin 'yan sandan ne. Bai rufa musu asiri ba. Wannan shi ne abin da nake nufi da cewa muna da buƙatar irin wannan rubutu. Hukuma ba ta son a ga kurakuranta, kuma hukuncin alƙali ba ya ɗauke da labarin bindigar da ta kwana wata uku a ma'ajiya. Sai wanda yake ciki ya yi magana.

Littafin ya kuma koyar da doka ba tare da mai karatu ya ji ana koya masa ba. Manson bai je gidan farko a daren kisan ba, kuma ba a nuna ya soki kowa da hannunsa a dararen biyu ba. To ta yaya za a kama shi da kisan mutum bakwai? A nan mai karatu yake fahimtar dokar haɗa baki, wadda take ɗora wa mai kitsa laifi nauyin abin da 'yan aikensa suka yi. Yana kuma fahimtar dalilin da ya sa gwamnati ta yafe wa ɗaya daga cikin matan, Linda Kasabian, wadda ta tsaya gadi a waje, don ta ba da shaida. Kwana 18 ta yi a akwatin shaida lauyoyin waɗanda ake tuhuma suna titsiye ta. Wanda ya karanta wannan ba zai ƙara jin an ce an saki ɗaya daga cikin 'yan fashi don ya zama shaida ya ɗauka lallai cin hanci aka yi ba.

Yanzu ga inda nake da damuwa. A kotu, duk maganar da Bugliosi ya faɗa akwai mai miƙewa ya ce bai yarda ba. Akwai alƙali mai cewa wannan ba ta karɓu ba. Akwai kotun sama da za a je a ce an yi kuskure. A littafi duk babu waɗannan. Shi ne mai ƙara, shi ne mai zaɓen shaidun da za a ji, shi ne mai bayyana yadda fuskar kowa take, shi ne kuma mai rufe shafin ƙarshe. Mutum miliyan bakwai sun zauna sun saurari ɓangare ɗaya, kuma mafi yawansu sun tashi suna ganin sun ji duka.

Mu da muka tashi da karatun hadisi mun san wannan matsala tun kafin a yi kotunan zamani. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa mai yiwuwa ɗayansu ya fi ɗan'uwansa iya tsara hujja, sai a yanke masa bisa abin da aka ji, kuma wanda ya karɓi haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya yankin wuta ya karɓa. Iya tsara hujja ita ce sana'ar lauya baki ɗayanta. Bugliosi kuwa gwani ne na gwanaye. Yakan kwashe ɗaruruwan sa'o'i yana shirya jawabinsa na rufe shari'a, yana rubutawa da hannu a kan takarda. Da wannan hannun ya rubuta littattafansa, kuma duk wanda ya karanta su da idon basira zai ga cewa kowannensu jawabin rufe shari'a ne da aka tsawaita.

Dubi maganar dalilin kisan. Doka ba ta wajabta wa mai gabatar da ƙara ya kawo dalili ba, amma mutum goma sha biyu ba za su aika wanda bai riƙe wuƙa ba ga mutuwa sai an gamsar da su abin da ya sa ya aiki wasu. Bugliosi ya ba su dalili: Manson ya yi imani cewa yaƙin ƙare dangi na tafe tsakanin baƙar fata da farar fata, ya ɗauko sunan yaƙin, Helter Skelter, daga wata waƙar mawaƙan Ingila da ake kira Beatles, kuma ya sa a yi kisan ne don a ɗora wa baƙaƙe, wutar ta kama. Ba ƙirƙira ya yi ba. Mabiyan Manson da dama sun tabbatar yana wannan wa'azi, kuma an rubuta kalmomin da jini a jikin firijin gida na biyu. Amma akwai wasu bayanan da suka yi yawo tun a lokacin. Akwai masu cewa an yi kisan ne don ya yi kama da wani kisa da aka yi makonni biyu kafin nan, wanda aka kama wani ɗan ƙungiyar a kansa, don 'yan sanda su ɗauka mai laifin yana waje. Akwai maganar cinikin ƙwaya da ya lalace. Akwai haushin da Manson yake ji na wani mai shirya waƙoƙi, Terry Melcher, wanda ya taɓa zama a gidan farko kuma ya ƙi ɗaukar waƙoƙinsa. Bugliosi ya ambaci wasu daga ciki, amma ya ɗauki wanda ya fi girgiza zuciya ya sa a bangon littafi. Shekara hamsin duniya tana maimaita shi kamar karatun allo.

Sai a 2019, shekara huɗu bayan rasuwar Bugliosi, wani ɗan jarida mai suna Tom O'Neill ya fitar da littafin da ya kwashe shekara ashirin yana bincikensa. Wata mujalla ce ta aike shi a 1999 ya rubuto ɗan rahoton cika shekara talatin da kisan, shi ke nan aikin ya cinye shi. Ya ce ya samo takardun da ke nuna Melcher ya sake haɗuwa da Manson bayan kisan, saɓanin abin da ya faɗa a kotu, kuma ofishin mai gabatar da ƙara ya san da haka. Bugliosi, tun yana da rai, ya musanta zarge-zargen O'Neill da zafi, har da barazanar kai ƙara. Shi ma O'Neill ya zarce da wasu zace-zacen da shi da kansa ya amsa bai iya tabbatar da su ba. Ban ga abin da ya wanke Manson a ciki ba, kuma ba na shakkar cewa waɗanda aka ɗaure su ne suka yi aika-aikar. Abin da ya dame ni shi ne tsawon lokacin: shekara 45 aka yi kafin wani ya zauna da gaske ya yi wa littafin irin tambayoyin da lauyan ɗaya ɓangaren zai yi wa shaida a rana guda.

Akwai wani littafin nasa da ya ƙara fito mini da wannan fili. A 1974 wasu mata da miji masu yawon duniya a jirgin ruwansu suka ɓace a wani tsibiri da ba kowa a cikinsa, Palmyra, a tsakiyar tekun Fasifik. Bayan ɗan lokaci aka ga wani mutum da budurwarsa sun iso Hawaii da jirgin, an sake masa fenti. A 1981 aka tsinci ƙasusuwan matar a bakin ruwan tsibirin. Gawar mijin ba a taɓa ganinta ba. An sami namijin da laifin kisa. Budurwar kuwa Bugliosi ne ya tsaya mata, a wannan karon yana ɓangaren kariya, kuma a 1986 aka sallame ta. A 1991 ya rubuta labarin. Mai karatu yana gama shi yana jin matar ba ta da hannu, kamar yadda ya gama na farko yana jin Manson shaiɗan ne. Mutum huɗu ne a tsibirin, biyu suka mutu, biyu suka fito da jirgin mamatan. Na sha tambayar kaina, da a ce ofishin gwamnati ne ya ba Bugliosi wannan fayil, wane littafi za mu karanta? Shi dai ya sha faɗa cewa ba ya kare mutum a shari'ar kisa sai ya gamsu ba shi da laifi, kuma na yarda da gaske yake. Amma gamsuwar lauya ba hujja ba ce, ko da ta cika shafi ɗari shida.

A wannan littafin ya yi abu ɗaya da ya kamata a yaba: ya sauya wa matar suna. Abin da mutum ya gaya wa lauyansa a ɗaki amana ce, kuma amana ba ta ƙarewa ranar da aka yanke hukunci. Lauyan da ya sayar da sirrin wanda ya dogara da shi, ko labarin ya kai zuma daɗi, ya ci amana, kuma ya ɓata wa duk lauyoyin da za su zo bayansa, don gobe ba wanda zai saki jiki ya faɗi gaskiya.

Maganar kuɗi da suna ma ba a tsallake ta. Bugliosi ya nemi kujerar babban mai gabatar da ƙara na Los Angeles a 1972 ya faɗi, ya nemi ta babban lauyan jiha a 1974, shekarar da littafin ya fito, bai samu ba, ya sake neman ta farkon a 1976 ya sake faɗi. Daga nan ya rungumi rubutu. Ba laifi ba ne mutum ya ci guminsa. Amma lauyan gwamnati da ya san shari'ar da ke hannunsa za ta iya zama littafi, za ta iya zama tsanin siyasa, shin zai zaɓi bayanin da ya fi kusa da gaskiya ko wanda ya fi jan kunne? Jihar New York ta yi doka a 1977 don hana mai laifi cin ribar labarin laifinsa, kotun ƙolin Amurka ta rushe ta a 1991 saboda 'yancin faɗar albarkacin baki. Duk wannan muhawarar a kan mai laifi aka yi ta. Wanda gwamnati ta biya albashi ya tara bayanan, ya fita da su ya sayar, ba a cika tambayarsa ba.

Sai kuma tambayar Inna. Wa ake ambata? Manson ya riga ya yi suna kafin littafin, hotonsa ya hau bangon manyan mujallu tun 1969, don haka ba zan ɗora wa Bugliosi wannan duka ba. Amma littafin da finafinan da aka yi daga gare shi sun tabbatar da shi a zukatan mutane har ya mutu yana ɗaure a 2017 yana da shekara 83, matasa suna sa riguna masu hotonsa. A cikin mutum biyar na daren farko akwai wani yaro ɗan shekara 18, Steven Parent. Bai san masu gidan ba. Ya je wurin mai kula da gidan ne ko zai sayi wata ƙaramar rediyo mai agogo da yake son sayarwa. Cinikin bai yiwu ba, ya shiga motarsa zai fita, ya yi kiciɓis da makasan a bakin ƙofa. Shi aka fara kashewa. Cikin mutum dubu da suka san sunan Manson da wuya a sami ɗaya da ya san nasa. Mahaifiyar Sharon Tate, Doris, ta kwashe shekarun ƙarshen rayuwarta tana zuwa gidajen yari duk lokacin da za a duba yiwuwar sakin ɗaya daga cikin makasan, tana zama ido da ido da su tana magana, don ta ga yadda labarin yake komawa nasu, 'yarta tana zama ado a cikinsa.

A ganina aikin Bugliosi mafi nagarta shi ne wanda ba shari'arsa ba ce. A 1986 wani gidan talabijin na Landan ya shirya zaman kotu na gwaji a kan kisan Shugaba John Kennedy da aka yi a Dallas a 22 ga Nuwamba 1963. Wanda ake zargi, Lee Harvey Oswald, an harbe shi kwana biyu bayan kisan, don haka ba a taɓa yi masa shari'a ba. Aka kawo shaidun gaske, Bugliosi ya tsaya a matsayin mai ƙara, wani shahararren lauya Gerry Spence ya tsaya wa Oswald. Daga nan Bugliosi ya shiga binciken da ya ci shekara 21. Littafin ya fito a 2007 da shafi sama da 1,600, ga kuma faifan kwamfuta ɗauke da bayanan inda ya samo kowace magana. A ciki akwai tarihin rayuwar Oswald mai tsawon da zai iya zama littafi shi kaɗai: maraicinsa tun kafin a haife shi, yawon da uwarsa ta yi da shi gari-gari, shigarsa soja, gudunsa zuwa Tarayyar Sobiyat, aurensa, dawowarsa hannu rabbana. A nan lauyan ya zama marubucin tarihi na gaske, don ya bar mutumin ya fito a matsayin mutum kafin ya ɗora masa laifi. Har yanzu muryar mai ƙara ce, kuma yana yi wa masu saɓa masa kaca-kaca fiye da kima. Amma ya baje kayansa a faifai, duk mai so ya bi sawu ya ƙaryata shi. Ga shi kuma ya shigo fagen da ɗaruruwan littattafai suka riga shi, don haka muryarsa ɗaya ce cikin muryoyi.

Sauran littattafan nasa zan wuce su da sauri. A 1996 ya caccaki lauyoyin gwamnatin da suka faɗi shari'ar O. J. Simpson, tsohon ɗan wasan nan da aka tuhuma da kashe tsohuwar matarsa. A 2008 ya rubuta cewa a gurfanar da Shugaba George W. Bush kan kisan sojojin Amurka da suka mutu a Iraƙi, manyan kafafen labarai suka kau da kai, littafin ya sayu duk da haka. Ko ba komai, ba ya tsoron mai mulki.

Abin da ya sa duk wannan ya dame ni a matsayina na mai zaune a nan shi ne, matsalarmu kishiyar tasu ce. Su littafi ɗaya ya danne sauran muryoyi. Mu kuwa ko ɗayan ba mu da shi. Ka tuna yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a Kano a ƙarshen 2021 ya kashe. Ƙasa ta girgiza, aka yi ta kuka a rediyo da Facebook, babbar kotun jiha ta yanke hukuncin kisa a Yulin 2022. Daga nan fa? Yadda aka bi sawu aka kama shi, inda aka yi sakaci, abin da shaidu suka faɗa, inda maganar ta kwana a kotunan sama, duk suna cikin fayil da kuma kawunan lauyoyin da suka yi aikin. Abin da ya rage a hannun jama'a guntayen bidiyo ne da ji-ta-ji-ta.

Ba a rasa waɗanda suka gwada ba. Marigayi Gani Fawehinmi ya fara buga hukunce-hukuncen manyan kotuna mako-mako a 1985, ya fitar da su daga hannun 'yan tsiraru, kuma ya bi jinin ɗan jarida Dele Giwa, wanda aka kashe da bam a cikin ƙunshin wasiƙa a 19 ga Oktoba 1986, har kotun ƙoli. Ya sha ɗauri a rayuwarsa ba sau ɗaya ba. A Disamban 2024 kuma 'yan sanda suka ɗauke lauya Dele Farotimi daga Legas zuwa Ekiti saboda littafin da ya rubuta kan tsarin shari'ar ƙasar nan, bayan babban lauya Afe Babalola ya yi ƙorafin an ɓata masa suna. Ya yi kusan mako uku a tsare kafin beli, daga baya aka janye ƙarar. Wanda aka ɓata wa suna yana da haƙƙin ya nemi kotu ta bi masa kadi, wannan ba gardama. Amma duk wani ƙaramin lauya da ke da labari a cikinsa ya ga abin da ya faru, kuma ya ɗauki darasin da bai kamata a koya masa ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini. Tone-tone ba tarbiyyarmu ba ce, wanda ya mutu a bar shi ya kwanta, iyalai suna da mutuncin da za a kare. Ina girmama wannan, kuma shi ya sa nake ganin lauyan da zai rubuta ya jira shari'a ta ƙare har matakin ƙarshe, ya nemi yardar wanda ya tsaya wa, ya je ya zauna da dangin mamaci kafin ya ɗora alƙalami a takarda, ya kuma faɗa tun a shafin farko ɓangaren da ya tsaya don mai karatu ya san da wa yake magana. Amma shirun da muke yi ba ya rufa wa mamaci asiri. Wanda ya ɓatar da fayil yake rufa wa, da wanda ya karɓi kuɗi ya sauya rahoton likita, da wanda ya bar shaida ta lalace a ma'ajiya. Kuma idan na ɓangaren gwamnati ya rubuta, na ɓangaren kariya ma ya rubuta nasa, a kuma sauƙaƙa wa ɗan jarida samun kwafin bayanan zaman kotu don ya auna su duka biyun. Da Hausa nake so a yi, ba da Turancin da ya hana Inna jin abin da ake faɗa a kan ɗanta ba.

Shari'ar tasu ta kai shekara huɗu. An sauya alƙali sau ɗaya, aka koma farko. Lauyan gwamnatin da ya riƙe ta a ƙarshe mutumin kirki ne, shi kaɗai ne ya taɓa tsayawa a barandar kotu ya rage tsawo ya gaishe ta, ya yi mata bayani da Hausa har ta gane, ya kuma kira yaron da sunansa. Ranar ta yi kuka a cikin adaidaita har muka iso gida. Ta rasu kafin a yanke hukunci. Lauyan ya yi ritaya yanzu, ina ganinsa jefi-jefi a masallacin Juma'a. Na taɓa tare shi na ce, "Ranka ya daɗe, ba za ka rubuta abubuwan da ka gani ba?" Ya yi murmushi ya ce takardun suna nan cikin kwali a ɗakinsa, ƙura ta rufe su. Na ce masa in ya yarda zan riƙa zuwa ranar Asabar da rakoda, shi ya yi magana ni in rubuta. Ya ce zai yi tunani.